Bayan dashen gashi: wane aski ne zai yiwu, wane ne sai dai haƙuri

Wani ɗan'uwana ya je Istanbul a ƙasar Turkiyya an yi masa dashen gashi, ya dawo ya yi kusan wata biyu bai yarda kowa ya ga kansa ba, ranar da ya cire hula a gabana kuma tambayar farko da ya yi min ita ce wai yaushe zai koma wajen mai askinsa a yi masa irin askin da ya saba tun yana saurayi, a goge ƙeya tas sannan a fitar masa da layin goshi da reza. Na ce masa ka faɗa wa likitan irin askin da kake so kafin ya fara aiki? Ya ce a'a, shi dai hotunan mutanen da aka yi wa aka turo masa ta WhatsApp, ya ga sun yi kyau, ya biya. Wallahi abin ya tsaya min a rai, don wannan tambayar da ya yi bayan wata biyu ita ya kamata ya fara yi tun kafin ya yanki tikitin jirgi. Tun ran gini tun ran zane. Yawancin abin da mai aski zai iya yi maka da wanda ba zai iya ba, an riga an yanke shi a ranar da ka kwanta a gadon tiyata.

Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake dashen albasa ko tumatir a fadama ya riga ya fahimci rabin maganar. Ana cire iri daga inda aka yafa shi a kai shi wani kwamin, kuma gurbin da aka cire babu abin da zai sake tsirowa a wurin. Haka dashen gashi yake, ba a ƙara maka ko sili ɗaya, naka ne ake kwasowa daga ƙeya da gefen kunnuwa a raba shi a inda sanƙo ya cinye. Dalilin da ya sa ake ɗebowa daga can shi ne gashin wannan yankin bai cika jin wani sinadarin jiki da ake kira DHT ba, wanda shi ne ke sirantar da gashin gaba da na tsakiyar kai har ya kashe shi, kuma ko an kai shi goshi yana tafiya da halinsa na asali. Wani likitan fata a New York, Norman Orentreich, shi ya fito da bayanin tafiyar gashi da halinsa na asali a rubuce a 1959, duk da cewa wani likita ɗan Japan mai suna Okuda ya riga shi rubutu kan dashen gashi tun 1939. To tunda rabo ake yi, lissafi ya shigo kenan. Kan mutum yana ɗauke da gashi wajen 100,000, kuma gashin ba ɗai-ɗai yake fitowa ba, a dunƙule yake, daga sili 1 zuwa 4 a guri guda, wannan dunƙulen shi ake cirewa da saiwarsa, shi ne zaka ji suna cewa an saka min giraft 3000 ko 4000. Abin da ƙeya za ta iya bayarwa a tsawon rayuwa 'yan dubbai ne kawai, kuma abin da ake shukawa a goshi galibi bai wuce kusan rabin cikar gashin asali ba. Ido ne ake yaudara, da tsawon gashin da yadda yake kwanciya kan juna, shi ya sa askin da ke rage tsawo sosai shi ne ke fara tona asiri.

Mu fara da ƙeya don nan ne matasanmu suka fi shan mamaki. Hanya biyu ake bi wajen cirewa. Akwai FUT, inda ake yanko fata doguwa siririya daga ƙeya a ɗinke wurin, wannan yana barin tabo miƙaƙƙe da kan iya tafiya kusan daga kunne zuwa kunne, kuma wanda aka yi wa haka ya yi sallama da askin ƙasa-ƙasa, sai ya riƙa barin gashin ƙeya ya kai kamar santimita 1, wato kan kilifa lamba 3 ko 4, kafin layin ya ɓuya. Sai FUE da ta yi tashe daga wajen 2002, wadda ake bi da wani ɗan ƙarfe mai huda da faɗinsa bai cika wuce milimita 1 ba ana zaƙulo saiwa ɗaya bayan ɗaya. Ita ce ake tallatawa ana cewa babu tabo, kuma wannan maganar ba gaskiya ba ce, tabo na nan, sai dai maimakon layi guda ɗigo-ɗigo ne dubbai. A fatar Bature ɗigon yana sajewa, a baƙar fata kuwa sau da yawa yana warkewa da haske fiye da sauran fatar, in aka yi maka tal-kwabo sai ƙeyar ta fito kamar an yayyafa mata gero. Da lamba 1 ko 2, wato milimita 3 zuwa 6, mutane da yawa suna tsira in an yi aikin da hankali, amma fed ɗin nan da ake gogewa har fata a hau da shi sama, shi ne yake bi ta daidai inda aka yi ɗiban. In kana son fed to a bar shi can ƙasa kusa da wuya da bayan kunne inda ba a taɓa ba.

Kuma akwai abin da ya shafe mu mu masu murɗaɗɗen gashi wanda tallan asibitoci ba ya faɗa. Gashinmu ba a waje kawai yake nannaɗe ba, saiwar ma a lanƙwashe take a cikin fata, shi kuma ƙarfen hudawa a miƙe yake shiga, don haka in hannun mai aikin bai saba da irin kanmu ba sai ya riƙa datse saiwa, an ɓata ƙeya kuma ba a samu irin shukawa ba. Wasu don guje wa haka sai su ɗauki ƙarfe mai ɗan faɗi, tabon kuma ya ƙara girma. Ga kuma yawan gashin a kowane taƙi bai kai na Turawa ba, to in aka haɗu da asibitin da ke gasar yawan lamba, aka kwashe fiye da kima a zama ɗaya, ƙeya za ta zama kamar gara ta ci tabarma, wannan kuwa babu askin da ke gyara shi sai dai tara gashi a rufe. Sannan duk wanda ya san jikinsa na yin tabo mai tasowa, irin wanda ke kumbura bayan huda kunne ko ƙaramin yanka, ko yana da ƙurajen nan masu tauri da ke fito wa maza a ƙeya bayan aski, don Allah ya fara ganin likitan fata tukuna. Wasu likitocin ma gwaji suke fara yi da 'yan ƙwaya kaɗan su jira su ga yadda fatar za ta warke.

Amma fa murɗewar nan tana da ranarta, kuma babbar rana. Sili ɗaya na gashinmu in ya nannaɗe yana rufe fatar da sili biyu ko uku na sulɓaɓɓen gashi ba za su rufe ba, kuma baƙin gashi a kan baƙar fata ba ya nuna giɓi kamar baƙin gashi a kan farar fata. Shi ya sa a ganina askin da ya fi dacewa da yawancinmu bayan dashe shi ne a bar sama da ɗan tsawo, 'yar ƙaramar suma da aka taje ta tashi, a rage gefe daidai misali. Abin da ke ɓata shi shi ne a lafta masa mai ko jel har ya dunƙule ya manne, nan take fata za ta leƙo.

Sai maganar lokaci, wadda ita ce ke karya zuciyar mutane. Kwana 10 na farko dashen bai kama ba sosai, susa ko gogar wani abu na iya tumɓuke shi, a nan babu maganar mataji balle aski. Hularmu ta gargajiya, ko zanna ce ko wacce iri, bakinta yana zama ne daidai kan layin goshi inda aka fi zuba aiki, ta baya kuma ta danne inda aka yi ɗiba, don haka a kwanakin nan ajiye ta ake, in fita ta kama sai sakakkiyar malafa ko irin hular da asibitin suka bayar. Hular kwano ta babur ita ma sai ta jira makonni. Likitoci kan hana sunkuyar da kai a kwanakin farko saboda kumburin goshi, kaga maganar sujada da shafar kai a alwala ta taso, mutum ya tambayi malami tun kafin tafiya, sauƙin da aka yi wa mai ciwo sananne ne. Ɓawon ciwon yana gama zuba wajen mako 2. Daga nan zuwa mako 8 sai gashin da aka dasa ya kakkaɓe kusan duka, wani lokacin har da na asalin da ke kusa da shi, mutum ya kalli madubi ya ga ya fi da muni, ya fara tunanin an cuce shi. Silin ne ya faɗi, saiwar na ciki tana hutu. Sabon tsiro yana fara leƙowa a wata na 3 zuwa na 4, siriri, wani a karkace, ba ya jin mataji, kuma ba a yanke hukunci kan aikin sai an shekara, tsakiyar kai ma takan kai wata 18. Gashinmu kuma dama bai kai santimita 1 a wata ba wajen tsawo, sai an ƙara haƙuri. Don haka angon da ya ce bari a yi masa dashe saura wata biyu ɗaurin aure ya zaɓi daidai lokacin da kansa zai fi kowane lokaci rashin kyan gani.

A watannin nan almakashi ne kawai abokin tafiya a inda aka yi shuka. Ƙeya da gefe yawancin likitoci suna barin a sa kilifa bayan kamar wata guda in ta warke, amma saman wasu na cewa wata 3 wasu har 6, reza kuwa ita ce ta ƙarshe. Dalilin da mutane ba su sani ba shi ne fatar wurin takan yi watanni kamar a mace, ba ta jin zafi yadda ya kamata, kilifa za ta yi zafi ta ƙona ka ko ta yanke ka baka ji ba. Haka ma rana, ka tsaya a garjin ranar watan Afrilu kanka a buɗe fatar ta ƙone ta canja launi baka sani ba. Ka sayi kilifarka ta kanka ka riƙa zuwa da ita shago, kuma ka hana a watsa maka sifirit ɗin nan da ake gogawa bayan aski, sabuwar fata ba ta buƙatarsa.

Layin goshi kuma, nan ne nake ganin ya kamata a fi tsayawa. Mu dai mun saba da gyaran fuska, a fitar da layi ɗoɗar da kusurwa biyu kamar an ja da rula, kuma gaskiya ne layin goshin baƙar fata a halitta ya fi na Bature miƙewa, don haka ba laifi ba ne ka nemi a zana maka hakan, amma fa a faɗa kafin a huda fata. Likitan da ya saba da kan Turawa zai yi maka layi mai shiga ciki ta gefe biyu, in ka dawo ka ce mai aski ya miƙar da shi, ba shi da yadda zai yi sai ya ci gaban layin ya tura shi baya, kaga kana aske abin da ka biya kuɗi mai yawa aka shuka. Reza ba ta kashe saiwa, wannan gaskiya ne, sai dai tana sa murɗaɗɗen gashi ya koma cikin fata ya yi ƙurji, kuma ƙurji a kan sabon dashe ba abin wasa ba ne. Sannan kowane sili yana fitowa ne ta fuskar da aka soka shi, in an kwantar da shi yana kallon gaba haka zai yi ta fitowa har tsufa, in aka soka shi a tsaye kamar tsintsiya babu man da zai kwantar da shi, mai son tsaga a gefen hagu shi ma tun ranar ake tsara ta. Wani abin kuma, saurayi ɗan shekara 25 zai so a sauko masa da layi can ƙasa kamar na ɗan sakandare, ya manta sanƙon bai gama tafiyarsa ba. Wayne Rooney, tsohon ɗan ƙwallon Ingila, yana da shekara 25 lokacin da ya sanar an yi masa a 2011, kuma daga baya sai da ya koma aka ƙara. Gashin asalin da ke bayan dashen zai ci gaba da zuba, in ba a tare shi da magani irin minoxidil ko finasteride bisa shawarar likita ba, wata rana za a wayi gari da tsibirin gashi a gaba, fili a bayansa, ƙeya kuma an riga an cinye rabonta. A wannan halin zaɓin aski ya ƙuntata ƙwarai, ba ka iya tarawa ba ka iya gogewa.

Masu son dada ko kitson maza su sani cewa duk salon da ke tsaga kai gida-gida yana nuna fata a fili, kuma nauyin dada yana jan saiwa, a ƙalla a bari a shekara a ga cikar da aka samu tukuna. Wanda kuma a ransa tal-kwabo ya fi so, to ya yi tunani da kyau ko dashen ma ya dace da shi, don akwai masu yin ɗige-ɗigen tawada a fatar kai ya yi kamar sabon aski, ana ma amfani da shi wajen ɓoye tabon ƙeya, sai dai shi dangin zanen tatu ne, mai kula da wannan ɓangaren sai ya nemi fatawa.

Mata kuwa nasu labarin daban ne, kuma shi ya fi ba ni tausayi. Da yawa ba sanƙon gado ke kai su ga dashe ba, ja ne. Kitso mai tsauri tun ana yarinya, shuku da ake ɗaurewa har gira ta ɗaga, ƙananan kalaba da aka yi wa ƙari mai nauyi, gam ɗin da ake manna hular gashi da shi a goshi, har da ɗaurin ɗankwali da hular cikin hijabi in kullum a guri ɗaya suke gurzar gaban kai, shekara da shekaru sai gaban goshi da saman kunne su cinye. Da farko in aka sassauta yana dawowa, in aka daɗe saiwar ta mutu shikenan. Irin wannan dashe yana yi masa kyau sosai, kuma ba sai an aske mata kai duka ba, ana iya aske ɗan wuri a ƙeya wanda sauran gashin zai rufe. Amma 'yar'uwa ki riƙe wannan, gashin da aka dasa DHT ne kawai bai cika ji ba, ja kam yana ji kamar kowane gashi. In kika koma wajen mai kitson da ta saba kama 'yan ƙananan gashin goshi ta cusa su cikin kitso don ya fito tsaf, abin da ya cinye na farko shi zai cinye na biyu, ƙeyar kuma ba rijiya ba ce. Kitson da ya hana ki barci, ko ya fito miki da ƙananan ƙuraje a bakin tsaga, ko sai kin sha maganin ciwon kai, a tsefe shi a ranar ko nawa aka biya. Bayan dashe ya kama manyan kitso sakakku za ki iya yi, a bar gaban goshi a sake kar a kama shi, a riƙa canja inda ake tsaga, a kuma ba kai hutu tsakanin kitso da kitso.

Akwai kuma wata cuta da ta fi kama mata baƙar fata, likitoci na ce mata CCCA, tana farawa daga tsakiyar kai tana faɗaɗa, tana kashe saiwa ta bar tabo a ƙarƙashin fata, wani lokacin da ƙaiƙayi ko zafi. Wannan ba a yi mata gaggawar dashe, sai an ɗauki ɗan guntun fata an gwada, an yi magani ta lafa na tsawon lokaci, in ba haka ba shukar ma za ta cinye.

Man sakin gashi, rilaksa ɗin nan, yawancinsa sinadari ne mai cin fata, dangin sodar da ake yin sabulu da ita, kuma yadda mata ke gane lokacin wankewa ya yi shi ne in kai ya fara zafi, to ki tuna fatar da aka yi wa dashe ba ta jin zafin da wuri. Watanni ake jira, kuma sai likita ya duba. Rini ma haka, mafi ƙarancin abin da ake cewa shi ne mako 4 zuwa 6, wasu likitocin sun fi son a ƙara. Jan lalle tsantsa ya fi sauƙi, amma baƙin dayis yana ɗauke da wani sinadari PPD da ke sa wasu fata ta kumbura ta yi ruwa, maza masu ɓoye furfura su ma wannan ya shafe su, don gashin da aka dasa zai yi furfura a lokacin da 'yan'uwansa na ƙeya suka yi. Man kaɗanya da man kwakwa ba su da laifi bayan an warke, a dai shafa kaɗan.

Sai mai niyyar Umara ko Hajji, shi ma ya sa wannan a lissafi, ba a fafe gora ranar tafiya. Namiji ba ya rufe kai a cikin harami, ga zafin ranar Makka, ga aski a ƙarshe. An ba da zaɓi tsakanin aske kai da saisaye, don haka wanda dashensa bai kai ba yana iya saisayewa da almakashi, ya kuma buɗe baki ya faɗa wa mai askin tun kafin ya ɗora masa reza, don a cikin cunkoson nan babu mai tsayawa duba kan wani. In da hali dai a raba tsakanin tiyatar da tafiyar da watanni masu yawa.

Shi ɗan'uwan nawa yanzu ya haura shekara. Gaban ya cika daidai gwargwado, ƙeyar ce dai in aka sauko ƙasa da lamba 2 ɗigon ke bayyana, don haka a nan mai askinsa yake tsayawa, saman kuma da almakashi yake bi, layin goshin ma ya daina tura shi baya, 'yan silin da suka fito waje kawai yake ɗaukewa. Tsakiyar kan ta fara sirancewa, watan jiya na raka shi wajen likitan fata aka ɗora shi a kan magani, an ce ya dawo bayan wata 6 a sake dubawa.